Inda Nisan Jifa Ke Salwanta: Gogayyar Igiya a Fatsar Ƙudan Jabu

A yawancin hanyoyin kamun kifi da ƙugiya, nauyin da ke ɗaukar jifa yana can ƙarshen zare ne, ko dalma ko wani ɗan ƙarfe mai walƙiya, kuma shi ne ke yin gaba yana jan siririn zare a bayansa. Fatsar ƙudan jabu ta saɓa wa wannan tsari, domin abin da ke ƙarshenta 'yar ƙugiya ce da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ko na dabba don ta yi kama da ƙwaro, kuma ba ta da nauyin da zai kai ta ko'ina in an wurga ta ita kaɗai. Igiyar kanta ake jefawa, ƙudan kuwa rakiya kawai yake yi. Wannan ne ya sa duk abin da ya taɓa igiyar a kan hanyarta, ruwa ne, ciyawa ce, yatsa ne, zobe ne ko iska, yana karɓar nasa rabo daga ƙarfin da mai jifa ya zuba, kuma abin da ya rage bayan kowa ya karɓa shi ne nisan da ake gani a kan ruwa.

Yana da kyau a fara sanin ƙanƙantar abin da ake aiki da shi. Tun shekarar 1961 ƙungiyar masu ƙera kayan kamun kifi ta Amurka, wato AFTMA, ta tsara ma'aunin da ake bi har yau, inda ake auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya a ba ta lamba. Igiya mai lamba 5, wadda aka fi amfani da ita a koguna, nauyin wannan sashe nata kimanin giram 9 ne kacal, mai lamba 8 kuwa ba ta kai giram 14 ba. Yawancin igiyoyin suna da tsawon ƙafa 90 zuwa 100, kuma an ƙera su da kai mai kauri da nauyi a gaba, sai doguwar jela siririya a baya. Mai jifa yana kaɗa kan igiyar gaba da baya a cikin iska, sa'an nan a jifan ƙarshe ya saki jelar da ya tara, kan ya ja ta ta cikin zobban sanda. Ke nan giram 9 ko 10 ne ake ɗora wa aikin jan ƙafa 30 ko 40 na jela, su ɗaga ta daga inda take kwance, su ratsa da ita ta zobba kamar 10 ko 11 da ke jikin sanda mai tsawon ƙafa 9, alhali su kansu suna fama da iska. Ɗan cikas da hannu ba zai ji ba ya isa ya rage taku da yawa.

Mutane da dama, da zarar an ambaci gogayya, sai hankalinsu ya tafi kan zobban sanda, su fara tunanin sayen sabuwa. A ganina wannan shi ne wuri na ƙarshe da ya kamata a duba, kuma mafi yawan asarar tana faruwa ne kafin igiya ta kai zoben farko da kuma bayan ta bar na ƙarshe.

A fara da inda jelar take kwance. Idan mai jifa yana tsaye cikin kogi kuma ya bar jelar a kan ruwa, fuskar ruwan tana riƙe ta, domin igiya mai yawo a saman ruwa tana manne da shi kuma sai an yi amfani da ƙarfi kafin a ɓanɓare ta. In ruwan yana gudu, zai ja ta ya yi ƙasa da ita, ta zama doguwar lanƙwasa wadda sai kan igiya ya jawo ta a kan gudun ruwan. In kuwa igiyar mai nutsewa ce, ko mai yawo ce da dauɗa ta sa ta fara nutsewa, to abin ya fi muni, saboda jan igiya daga ƙarƙashin ruwa ya ninka jan ta daga samansa wahala. A kan tudu matsalar takan zama ciyawa da tsakuwa da maɗaurin takalmi, ko ƙafar mutum da kansa ta taka igiyar bai sani ba. Maganin da aka daɗe da samu shi ne kwandon tara igiya da ake ɗaurawa a ƙugu, wanda galibi ake dasa wa 'yan tsinkayen roba a gindinsa don su raba zagayen igiyar kada su hau juna. Wanda ba ya son kwando yana iya tara jelar a hannu, amma da tsari: zagayen farko ya zama mafi girma, na biye ya ɗan fi shi ƙanƙanta, haka har ƙarshe, kowanne a kan yatsa dabam in zai yiwu, domin zagaye masu girma ɗaya ne ke saurin shiga cikin juna su harɗe.

Akwai wani ƙaramin kuskure da ke yawan faruwa a nan. Idan aka zaro igiya daga faifan naɗi aka zubar da ita ƙasa, sashen da zai fara fita yayin jifa shi ne ke ƙasan tulin, wanda zai fita ƙarshe kuma yana sama. Jifan farko da irin wannan tuli kusan kullum yana ƙarewa da ƙulli a bakin zobe. Sai an sake juya tulin, ko an yi jifa ɗaya an jawo igiyar da hannu, kafin tsarin ya daidaita.

Daga nan sai kanannaɗewa. Igiya tana da zare a ciki da ɓawon roba a waje, kuma in ta daɗe a naɗe a kan faifai takan riƙe siffar zagayen, ta fito kamar wayar da aka naɗe. Irin wannan igiya ba ta shiga zobe a miƙe, sai dai ta riƙa dukan bakinsa da jikin sanda a kowane zagaye, kuma kowane duka yana cin gudu. Kafin a fara kamun kifi ana kama ta sashe-sashe, kamar tsawon hannu biyu, a ja ta da ƙarfi daidai gwargwado na 'yan daƙiƙoƙi, har a bi duk tsawon da za a yi amfani da shi. Yanayin wuri ma yana da hannu a ciki. Igiyar da aka yi don ƙasashe masu zafi tana da zaren ciki mai tauri da ɓawo mai ƙarfi, kuma in ta shiga ruwan sanyi takan sandare ta ƙi miƙewa. Wadda aka yi don ruwan sanyi kuwa, in rana ta dake ta a kan jirgin ruwa, takan yi laushi ta yi danƙo ta riƙa maƙalewa a zobba. Murɗewa kuma wata cuta ce dabam, wadda ke zuwa daga ƙuda mai juyawa a iska ko daga yawan jifan da ba a saki dukan jelar ba, kuma ja ba ya maganinta. Ana cire ƙudan ne a saki igiyar ta bi gudun ruwa, ko a ja ta a bayan jirgi na ɗan lokaci, ta warware da kanta.

Yanzu sai fatar igiyar, wadda ita ce wurin da ƙaramin aiki ke kawo babban bambanci. Kafin zuwan roba, da siliki ake saƙa igiyoyin nan, kuma sai an shanya su an shafa musu mai kafin su yi yawo. A 1953 kamfanin Cortland ya fito da igiyarsa mai suna 333 mai ɓawon roba, shekara guda bayan haka Scientific Anglers da ke Midland a jihar Michigan ya fito da Air Cel, kuma tun daga lokacin robar PVC ta mamaye sana'ar, in ban da kamfanoni irin su Airflo na Birtaniya da suka zaɓi wata robar dabam. Ita PVC mai tauri ce a asalinta, sai an gauraya ta da sinadaran da ke tausasa ta, kuma waɗannan sinadarai suna fita a hankali da tsufa, da zafi, da hasken rana. Igiyar da aka bari a cikin mota a rufe cikin zafi tana tsufa da wuri. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana narkar da ɓawon, man kare fata daga rana da man fetur ma suna ɓata shi. Da zarar ƙananan tsage-tsage sun bayyana a jikin ɓawon, ruwa da dauɗa suna shiga, kuma babu man da zai dawo da santsin. Sai dai sabuwa.

Amma yawancin igiyoyin da ake zargi da tsufa dauɗa ce kawai ta kama su. Ruwan tafki yana ɗauke da gansakuka da laka mai laushi, ruwan teku yana barin gishiri in ya bushe, filin ciyawa da ake atisaye a kai yana ba da ƙura. Duk wannan yana zama siririn rufi a kan igiya, ido ba ya ganinsa sosai, sai an ja ta cikin farin tsumma a ga baƙaƙen layuka biyu sun fito. Wannan rufi yana yin ɓarna iri uku a lokaci guda: yana ƙara kaushi a cikin zobba, yana sa igiya ta jiƙe ta nutse maimakon ta zauna a saman ruwa, sa'an nan ƙwayoyin yashin da ke cikinsa suna cin zobban a hankali. Wankin ba shi da wuya. A zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulu mai sauƙi, irin na wanke hannu, a jiƙa igiyar na 'yan mintoci, a ja ta cikin tsumma mai laushi, a ɗauraye, a sake ja cikin busasshe. Sabulun wanki mai ƙarfi ba shi da kyau a nan, domin yana wanke har da abin da ake so ya zauna. Game da man shafawa kuwa, a bi abin da mai ƙera igiyar ya ce, saboda wasu igiyoyin zamani an gauraya musu sinadarin santsi a cikin ɓawon kansa, yana fitowa sama a hankali, kuma wanki kaɗai ya ishe su. Inda aka shafa, a shafa kaɗan, a bari ya bushe, a goge sauran, don man da ya yi yawa tarkon ƙura ne. Abin lura kuma, jiƙaƙƙiyar igiya ta fi busasshiya gudu a cikin zobba, shi ya sa wasu ke zuba ɗan ruwa a gindin kwandonsu.

Masu ƙera igiya sun kuma gwada rage faɗin wurin da igiya ke taɓa zobe. Airflo ya yi igiyoyi masu ƙananan kunyoyi da ke bin tsawonsu, Scientific Anglers kuma ya fito da Sharkskin a 2007 mai ɗan zane-zane a fata. Suna gudu da kyau kuma suna saurin rabuwa da ruwa, amma suna ƙara a cikin zobba, masu kaushin cikinsu kuma suna iya yanka yatsa in an yini ana ja. Ba laifi a gwada su, sai dai igiya mai zane in ta yi dauɗa ba ta fi mai sulɓi da aka wanke ba.

Kafin igiya ta shiga sanda akwai hannun hagu, ko na dama ga bahago, kuma a nan ne lissafi ke da abin faɗa. Duk igiyar da ta lanƙwasa a kan wani abu, gogayyarta ba ta ƙaruwa daidai da kusurwar lanƙwasar, tana ninkuwa ne, kamar yadda mutum ɗaya ke iya riƙe bijimi in ya zagaya igiya sau biyu a jikin turke. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya fara bayyana wannan ƙa'ida tun ƙarni na 18. Don misali kawai, a ɗauka ma'aunin gogayya tsakanin igiya da zobe 0.2 ne. In igiyar ta shiga zoben farko da kusurwar digiri 30, ƙarfin da ake buƙata don jan ta zai ƙaru da kimanin kashi 11 cikin 100. In ta shiga da digiri 90, ƙarin zai kai kashi 37 cikin 100. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, wanda ya saki igiya gaba ɗaya ya bar ta tana tsalle daga ƙasa zuwa zoben farko ya ba ta mummunar kusurwa, ga kuma haɗarin ta naɗe gindin sanda ko faifai. Gwanaye sukan haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, su riƙe shi a ƙarƙashin zoben farko ba nesa ba, igiyar ta bi ta ciki, ta iso sanda a miƙe kuma a natse. Haka nan bayan an tsayar da sanda, in aka bar ta tana kallon inda igiyar ke tafiya, kusurwar da ke bakin zoben ƙarshe takan ragu. Amma kada a yi saurin sauke ta, domin sauke sanda da wuri yana buɗe lanƙwasar da igiya ke yi a iska yayin jifa, asarar nan kuwa ta fi ribar.

Su kansu zobban ba su da dogon bayani. Na farko, ko biyun farko, masu faɗi ne kuma an saka musu tangaran mai tauri a ciki, sauran kuwa siraran wayoyi ne da aka murɗa. Abin dubawa uku ne. A tabbata sassan sanda sun haɗu a layi ɗaya, don zobban da suka karkace suna tilasta wa igiya yin kwana. A wanke su, domin dauɗar igiya a nan take taruwa. A kuma bincika ko sun zaizaye, musamman na ƙarshe: a zura ɗan audugar goge kunne a juya, in zaren auduga ya maƙale to akwai tsagi, kuma zobe mai tsagi yana fere igiya kamar yadda igiya mai yashi ta fere shi. A lokacin tsananin sanyi ƙanƙara ma takan toshe su. Batun ko zobba masu faɗi sun fi ƙanana ba da nisa ana ta muhawara a kansa, amma zobe mai girma yana ƙara wa kan sanda nauyi, kuma bambancin da ake samu bai kai na wankin igiya sau ɗaya ba.

Tarihin gasar jifa ya nuna inda manyan nasarori suka fito. A 1934, a gasar da aka yi a birnin St. Louis na Amurka, Marvin Hedge ya yi amfani da dabarar fizga biyu, wato jan igiya da hannun da ba ya riƙe da sanda sau ɗaya a jifan baya sau ɗaya a na gaba, ya kai ƙafa 147. Wannan ƙarin gudu ne. A tsakiyar shekarun 1940 kuma Jim Green da abokansa na kulob ɗin Golden Gate da ke San Francisco suka yanke jelar igiya suka maye gurbinta da siririn zaren nailan, wanda ba shi da nauyin ɗagawa kuma da ƙyar yake taɓa zobe. Wannan ragin gogayya ne, kuma har yau shi ne tushen igiyoyin da ake yi don nisa. Sai dai siririyar jela tana da farashinta: tana saurin harɗewa, tana zamewa daga jiƙaƙƙen hannu, kuma ba a iya sarrafa ta a kan ruwa bayan ta sauka.

Mafi girman mai cin ƙarfi dai ita ce iska, kuma ba a wanke ta da sabulu. Igiya tana tafiya ne a lanƙwashe kamar mai ƙafafu biyu, ɗaya a sama tana gudu, ɗaya a ƙasa tana haɗe da sanda, goshin lanƙwasar kuma yana keta iska. Turjiyar iska tana ƙaruwa da faɗin abin da ke fuskantarta, tana kuma ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu. Injiniya Graig Spolek ya nuna a wani nazari da ya wallafa a 1986 cewa yayin da lanƙwasar ke warwarewa, sashen da ke gudu yana raguwa, ƙarfin yana taruwa a ɗan abin da ya rage, har ƙudan na iya ƙara gudu a hanya, in dai iska ba ta cinye ƙarfin ba. Lanƙwasa mai faɗin ƙafa 6 tana ba iska abin kamawa da yawa fiye da mai faɗin ƙafa 2, kuma faɗin yana fitowa ne daga hanyar da kan sanda ya bi: in ya bi miƙaƙƙen layi ya tsaya cak, lanƙwasar takan matse, in ya zana baka takan buɗe. Ƙuda mai yawan gashi ma yana da nasa ja. Wanda lanƙwasarsa ke buɗe ba zai ga amfanin sabuwar igiya ba sai kaɗan.

Lokacin saki yana da alaƙa da wannan. In aka saki jela kafin sanda ta tsaya, tana zamewa ta cikin zobba tun sanda na lanƙwashe, lokacin da matsin igiya a kan zobban ya fi yawa, kuma ƙarfin da ya kamata ya shiga kan igiya ya zube. In aka makara, kan ya riga ya ci rabin tafiyarsa a ɗaure. Ana sakin ne daidai lokacin da sanda ta tsaya lanƙwasar ta bayyana.

Akwai kuma abin da masu neman kawar da gogayya baki ɗaya ke mantawa da shi. Lanƙwasar tana warwarewa ne saboda ƙafar sama ta fi ta ƙasa gudu, wato saboda akwai abin da ke ɗan riƙe ta ƙasan. Idan jela na fita ba tare da wata turjiya ba, warwarewar takan yi jinkiri, wanda ke da amfani ta wani ɓangare domin igiya tana ci gaba da tafiya muddin lanƙwasar ba ta ƙare ba, amma sau da yawa ƙarfin yakan ƙare kafin ƙarshen ya miƙe, sai ƙudan da siririn zaren da ke haɗa shi da igiya su zubo a tare wuri ɗaya, ƙafa 10 ko fiye kafin inda ya kamata su kai. Shi ya sa zoben yatsun nan yake da aiki na biyu. A daidai lokacin da jifan ya kusa ƙarewa, mai jifa yana matse yatsun a hankali ya tsayar da jelar, sauran ƙarfin ya koma gaba ya juyar da zaren ya miƙar da shi. Wasu kuma sukan zaro daidai tsawon da za su iya jefawa, ta yadda igiyar za ta ƙare ta ja faifai da kanta a lokacin da ake buƙatar wannan tsayawa.